Fitilar iskar taya a hanyoyin Damargu: abin da take faɗa da yadda ake binciken ta

A cikin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Damagaram, Tanut da Belbeji, musamman irin su Corolla, Camry, RAV4 da Highlander na hannu da aka kawo daga Amurka, akwai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa da ta zama 'yar gida a allon gaban direba. Hoton taya ne da aka yanka a tsakiya, ƙasansa da 'yan haƙora, cikinsa da alamar motsin rai. A wasu motocin ta shekara a kunne. A wasu kuma ba za ka gan ta ba, don an yanko baƙin salatif an liƙe mata fuska. Ka tambayi direba, kusan amsa ɗaya za ka ji: kayan Turawa ne, an yi shi don ƙasar sanyi da titi mai santsi, a nan ba ya aiki.

Tarihin fitilar bai goyi bayan wannan magana ba. Zafi ne ya haife ta.

A ƙarshen shekarun 1990, motocin Ford Explorer masu tayoyin kamfanin Firestone suka riƙa kifewa a kan titi, bayan fatar taya ta saɓule daga jikinta ana cikin gudu. Matsalar ta bayyana a ƙasashe masu zafi kamar Saudiyya da Benezuwela, da kuma jihohin kudancin ƙasar Amurka irin su Texas da Florida. A watan Agusta na 2000 Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 daga kasuwa, hukumomin Amurka kuma daga baya suka danganta mutuwar mutum sama da 200 da lamarin. Kamfanonin biyu sun yi ta ɗora wa juna laifi, amma abubuwa huɗu sun yi ta maimaituwa a haɗurran: iska ba ta cika ba, rana ta yi zafi, mota ta ɗauki nauyi, ana kuma gudu. A watan Nuwamba na shekarar shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ake kira TREAD, wadda ta kai ga cewa daga 1 ga Satumba 2007 duk sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a Amurka sai tana da na'urar lura da iskar taya, wato TPMS. Tarayyar Turai ta bi sahu, ta wajabta ta ga duk sababbin ƙananan motoci daga Nuwamba 2014. Na'urar kanta ta girmi dokokin, don Porsche 959 ta fito da ita tun 1986, Renault kuma ta saka ta a Laguna II a farkon shekarun 2000.

To, a sake duba abubuwan nan huɗu, a kuma duba hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Bakin Birji, ta wuce kusa da matatar mai ta SORAZ, ta kai Tanut a kimanin kilomita 150, ta miƙe zuwa Adarbisinat da Agadas. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Motar haya ba ta tashi sai ta cika ta tumbatsa, buhunan gero a baya, awaki a sama. Inda hanya ta gyaru, direba yana taka mai don ya rama lokacin da ramuka suka cinye masa. Abu na huɗu, ƙarancin iska, shi ne kaɗai ido ba ya gani, kuma shi ne wanda fitilar ke tsaro. Tayar zamani tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta, mutum ya zagaya mota ya dube ta ya ce lafiya lau take. Bugun taya da ƙarfe a saurari ƙara, kamar yadda yaran mota ke yi, yana nuna tayar da ta sace gaba ɗaya. Ba ya bambance bar 2.2 da bar 1.7.

Abin da ke cikin tayar

Na'urar iri biyu ce, kuma rabin rikicin da ake yi a gareji daga rashin sanin wadda ke jikin motar yake tasowa. Ta farko tana da sensa a cikin kowace taya, 'yar ƙaramar aba da ba ta kai akwatin ashana ba, manne da gindin bawul daga ciki. Tana auna iska da zafi, ta aika wa kwamfutar mota ta hanyar rediyo, tare da wata lamba tata ta kanta da kwamfutar ta haddace. A cikinta akwai batir da aka rufe da roba, ba a yi shi don a canza ba, yana kai shekara 5 zuwa 10. Yawancin Toyota na Amurka wannan suke da ita. Ta biyu ba ta da komai a cikin taya. Tana aron sensocin birkin ABS ne ta ƙirga juyin kowace ƙafa. Tayar da iskarta ta ragu tana ɗan ƙanƙancewa, sai ta fi sauran saurin juyi, kwamfuta ta gane. Ana samun ta a motocin Volkswagen da yawa, da wasu Honda da Mazda. Wannan ba ta san adadin iska ba, kwatance kawai take yi, don haka duk lokacin da aka ba taya iska ko aka sauya musu wuri sai an sake saita ta.

Shekarun batir kaɗai sun isa su bayyana dalilin da ya sa fitilar ke kunne a motoci da yawa a nan. Motar da aka ƙera a 2009, ta gama aikinta a Amurka, ta hau jirgin ruwa ta sauka a Kwatano, ko a Lome tun da iyakar Nijar da Benin ta rufe a 2023, ta iso Damagaram, da wuya sensocinta na asali su zo da rai. Ba yashin Damargu ne ya kashe su ba, tsufa ne.

Fitilar kuma magana biyu take yi, kuma wanda ya koyi bambance su ya huta da ɓarnar kuɗi. In ka murɗa makulli ta kama tare da sauran fitilu ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, komai lafiya. In ta kama ta tsaya cak, na'urar tana aiki, tana cewa aƙalla taya ɗaya ta yi ƙasa. A motocin Amurka wannan na nufin iska ta ragu da kusan kashi 25 cikin 100 daga abin da kamfani ya tsara, a na Turai kashi 20. In kuwa ta yi ta ƙyaftawa na minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi sannan ta tsaya, ta kuma maimaita haka duk lokacin da aka tada mota, to ba taya take ƙara ba, kanta take ƙara: wata sensa ta mutu, ko ta karye, ko kwamfuta ba ta jin ta. Mai wannan matsalar ko ya cika tayoyinsa har su fashe fitila ba za ta mutu ba. Direbobi da yawa ba su taɓa lura da ƙyaftawar ba, domin a wannan mintin na farko hankalinsu yana wajen karɓar kuɗin fasinja.

Daga yashi zuwa kwalta

Tarka tana da nata dalilin na daban. Belbeji, babban garin ƙaramar hukumar Tarka, wanda aka cire daga Tanut aka ba shi gundumarsa a 2011, yana yamma da babbar hanya, wajen iyakar Dakoro. Wanda zai shiga ƙauyuka da rugage da rijiyoyin kwarin Tarka, yawancin tafiyarsa a kan burji ne da turɓaya da rairayi. Kowane direban da ya san aikinsa yana sauke iska kafin ya shiga yashi mai zurfi, daga bar 2 da wani abu zuwa wajen 1.5, wani lokaci ƙasa da haka in mota ta kafe. Tayar sai ta baje a ƙasa kamar tafin raƙumi, nauyi ya rabu, mota ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Dabara ce mai kyau, kuma ba makawa fitilar ta kama, don kashi 25 ƙasa da bar 2.2 shi ne 1.65. A cikin yashi, ana tafiya a hankali, direba ya san abin da ya yi da hannunsa, babu laifi ya ƙyale ta.

Haɗarin yana bakin kwalta. An fito daga daji da la'asar, kowa ya gaji, ana son a kai Tanut ko Damagaram kafin dare, mai faci mafi kusa yana da nisa, famfo babu a mota. Sai a ce bari mu lallaɓa. Lallaɓawar ba ta daɗewa ta koma gudun kilomita 90 ko 100 a awa. Tayar da ba ta cika ba, gefenta yana lanƙwasa ya miƙe a kowane juyi, sau ɗaruruwa a minti. Wannan lanƙwasar tana haifar da zafi a cikin roba, zafin ya haɗu da na kwalta, har gam ɗin da ya riƙe wayoyin ƙarfe da fatar taya ya saki. Wani lokaci ta fashe nan take. Wani lokaci, kuma wannan ya fi muni, lahanin ya ɓuya a ciki, a ba ta iska gobe ta yi kyau, ta fashe bayan makonni a ranar da ba wanda ya yi mata laifi, a ce taya ce marar kyau. A ganina duk amfanin fitilar ga mutumin Damargu ya taru ne a wannan gaɓa: ita ce ke tuna masa cewa iskar da ya ajiye a daji bai maido ta ba. Wanda ya liƙe ta da salatif saboda ta dame shi a yashi, ya toshe bakinta a daidai inda take da gaskiya.

Sanyin hunturu ma yana da hannu. Iska tana takurewa da sanyi, kowane digiri 10 da aka sauka yana cin kusan bar 0.1. A watan Disamba da Janairu, tsakanin zafin azahar da sanyin asuba a Damargu ana iya samun tazarar digiri 15 zuwa 20. Ga misali: direba ya tsaya wajen mai faci da rana, bayan doguwar tafiya, aka cika masa taya zuwa bar 2.2. Tayar da ta yi gudu tana nuna ƙarin 0.2 zuwa 0.3 na zafi kawai, sanyin dare kuma ya sake cin wajen 0.2. Da asuba abin da ke cikinta bai wuce 1.8 ba. A ƙara da ɗan abin da kowace taya lafiyayya ke tsiyayarwa ta jikin roba a wata, kusan bar 0.07, cikin 'yan makonni an kai iyaka. Shi ya sa fitilar ke kamawa da safe, ta mutu bayan an yi tafiyar 'yan kilomita, direba ya ce aljanu gare ta. Tana nan da hankalinta, tana nuna cewa tayar tana bakin gaɓa ne. Ƙayar aduwa da ta farar ƙaya kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Tana shiga ta toshe ramin da ta huda, iska ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, kuma irin wannan sacewar ce na'urar ta fi ido saurin ganowa.

A rumfar mai faci

Nan ne sensoci masu rai suka fi mutuwa. Ku tsaya ku kalli yadda ake cire taya a tashar kowane gari: a kwantar da ita a ƙasa, a sa ƙarfe a gefe a doka da guduma har bakin taya ya rabu da rim, sannan a zura liba biyu a ɗago. In libar ko bakin tayar ya faɗa daidai wurin bawul, sensar da ke ƙarƙashi ta tsage, ko ta ɓalle ta faɗa ciki tana ƙwaram-ƙwaram. Ba mugunta ba ce; mai facin da ya koyi sana'a a kan tayoyin Peugeot 504 da babura, ba wanda ya taɓa nuna masa cewa akwai abin lantarki a wurin. Maganin ba ya cin ko dala: kafin a taɓa tayar ka ce masa, Malam, akwai sensa a gindin bawul, a fara daga gefe, nesa da shi. Bawul na ƙarfe mai noti a gindi alama ce babba cewa akwai ta, ko da yake wasu na roba ma suna ɗauke da ita.

Al'ada ta biyu ita ce saka tiyub a tayar da aka yi ta ba tiyub. In huji ya yi yawa ko rim ya lanƙwashe, mai faci yakan ba da shawarar a sa tiyub a huta. Bakin tiyub kuwa ta ramin bawul zai fito, don haka dole a kwance sensar, sau da yawa ta ƙare a cikin tarkacen rumfa. In dole ta sa aka yi haka a daji, mai mota ya karɓi abarsa ya adana, ranar da ya sayi taya a mayar. Akwai kuma ruwan liƙi da ake ɗurawa ta bawul, wanda kan toshe ɗan ramin da sensa ke shaƙar iska ta ciki. Sai ƙaramin abu da ke jawo babbar asara: bawul ɗin sensa na alminiyon ne, in aka murɗa masa ƙwayar bawul ta tagulla ko murfin ƙarfe da ba nasa ba, sukan ci juna su manne, ranar da aka zo kwancewa bakin ya karye. Murfin roba ya fi, kuma a ƙasar ƙura bai kamata bawul ya kwana ba murfi ba.

Yadda ake bi a gano matsalar

Farko dai ba a fara da kwamfuta, da geji ake farawa. A buɗe ƙofar direba a duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, ko a bayan murfin tankin mai a wasu motocin Turai. Nan ne adadin da kamfanin mota ya tsara yake, sau da yawa da na mota fanko da na mota mai kaya. Lambar da ke rubuce a gefen taya iyakar abin da tayar ke ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Motar Amurka da psi za ta rubuta, geji a Nijar kuma galibi da bar yake. Bar 1 daidai yake da psi 14.5, don haka psi 32 shi ne bar 2.2. A auna da safe kafin mota ta motsa, ko bayan ta huta awa uku. In an auna taya da zafinta aka ga ta haura, kada a rage, za ta sauko da kanta.

Kada a manta da safaya. Wasu manyan Toyota da Lexus masu cikakkiyar safaya suna da sensa ta biyar a cikinta. Mutum ya auna ƙafa huɗu ya same su daidai, ya canza sensa, ya zagi makaniki, alhali mai ƙarar tana rataye a ƙarƙashin mota ko a ƙofar baya, shekara biyu ba wanda ya ba ta iska.

In duka sun cika, a yi tafiyar minti 10 zuwa 20 a kan gudu matsakaici, don sensoci da yawa barci suke in mota na tsaye, sai ta motsa suke magana. Yawanci fitilar za ta mutu da kanta. In ta mutu ta dawo bayan kwana biyu, akwai inda iska ke fita; a zuba ruwan sabulu a kan tayar, da bakin rim, da gindin bawul, inda robar da ke toshe shi kan bushe ta tsage da zafi.

A Toyota da yawa akwai wani maɓalli ƙarƙashin sitiyari ko cikin akwatin gaba, mai hoton fitilar da rubutun SET. Ana danna shi a riƙe har fitilar ta ƙyafta sau uku. Mutane sun ɗauke shi makashin fitila, amma aikinsa shi ne ya gaya wa kwamfuta cewa iskar da ke cikin tayoyi yanzu ita ce daidai. Wanda ya danna shi tayoyinsa na kan bar 1.6, ya koya wa motarsa ƙarya, ba za ta sake gargaɗinsa ba sai iska ta yi ƙasa ƙwarai. Sai an cika tayoyi da sanyinsu ake taɓa shi. Haka dokar take ga motoci masu amfani da ABS, sai dai su saitin nasu sau da yawa a cikin allon rediyo yake.

In fitilar mai ƙyaftawa ce, aikin ya wuce geji. Akwai 'yar na'urar hannu da ake karawa a gefen taya kusa da bawul, ta tashi sensar daga barci, ta karanto lambarta da iska da ƙarfin batir. Wadda ta yi shiru ita ce matacciya. Irin wannan kayan aiki sai a manyan garejin birane kamar Damagaram, Maraɗi ko Kano. Wajen sayen sabuwa akwai tarko biyu. Yawancin motocin Amurka suna magana a kan megahaz 315, na Turai a kan 433, don haka sensar da aka ciro daga motar Beljiyam ba za ta ji yaren Camry ta Amurka ba ko da ta zauna daram a rim. Sannan a Toyota, saka sabuwa bai isa ba, sai an shigar da lambarta cikin kwamfutar mota ta soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Ta hannu kuwa, wadda aka ciro daga tsohuwar mota, batirinta ya riga ya ci rabin ransa ko fiye, kuma in ɗaya ta mutu don tsufa sauran ukun suna kan hanya. Kafin a kashe kuɗi ma, a fara zare cajar waya mai arha da ke jikin soket ɗin sigari a gwada, don wasunsu suna fitar da hayaniyar rediyo da ke toshe saƙon sensa.

Gaskiya ce kuma a faɗa, sensa huɗu da kuɗin saiti ba ƙaramin abu ba ne ga mai motar haya da ke lissafin kuɗin mai kullum, kuma Hilux da Land Cruiser da yawa da ke aikin daji a Tarka tun asali ba su zo da na'urar ba. Akwai masu arha da ake murɗawa a bakin bawul daga waje, da ɗan allo mai cajin rana a gaban direba, suna nuna adadin kowace taya. Suna aiki, sai dai ƙura da duwatsu da hannun yara ba sa barin su su daɗe. Na'urar kuma, ko sabuwa fil, ba ta san shekarun taya ba. Wannan sai mutum ya duƙa ya karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayoyin hannu da ake jibgewa a kasuwa, wasunsu na ƙanƙara ne, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, an yi robarsu ta yi laushi a sanyi, ba don kwaltar Tanut a watan Mayu ba.

Mai motar da ba zai iya gyara sensa yanzu ba, ba a ce ya ajiye mota ba. Amma ya sani cewa ba mai tsaron tayoyinsa sai shi, ya sayi geji na hannu da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota, waɗanda kuɗinsu tare bai kai na sabuwar taya ɗaya ba, ya riƙa aunawa kowane mako da kuma kafin doguwar tafiya. Shugabannin tashoshin Tanut da Belbeji kuwa, abu ne mai sauƙi su tara masu facin da ke aiki a bakin tasha, a kawo rim ɗaya mai sensa a nuna musu inda take da yadda ake kauce mata. Direban da ya fito daga yashin Tarka, don Allah ya tsaya a bakin kwalta ya mayar da iskarsa kafin ya taka mai, ko da fasinja za su yi ƙorafin minti goma.